Tiyatar matsewar jijiyar wuyan hannu da tasirinta ga ƙwaƙwalwa

Tiyatar matsewar jijiyar wuyan hannu ƙaramin aiki ne da likitoci ke yi a gindin tafin hannu domin sassauta wa jijiyar tsakiya, wato jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji daga babban yatsa, manuniya, yatsan tsakiya da rabin yatsan zobe zuwa ƙwaƙwalwa. Ana yin ta ne ga masu ciwon da a likitance ake kira kafal tanel, wanda ya fi kowane ciwon matsewar jijiya yawa a jikin ɗan Adam. Wuƙar likita ba ta wuce wuyan hannu, amma binciken da aka yi da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa ciwon yana sauya yadda ƙwaƙwalwa ke karanta saƙon yatsu, kuma sakin jijiyar yana sa wasu daga cikin sauye-sauyen su fara komawa daidai. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu alamomin ke gushewa cikin kwanaki bayan aikin, wasu kuma su ɗauki watanni.

Tsarin wuyan hannu

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abubuwa uku: jijiyar jini, agara da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma jijiyar da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa. Ta ukun ce ciwon ya shafa.

Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa guda 8 da suka jeru suka yi siffar kwari. A samansu, ta ɓangaren tafin hannu, akwai wani tantani mai kauri da tauri da ya ratsa kamar ɗamara ya rufe kwarin, sai ya zama kwararo. Ta cikin wannan kwararo ne igiyoyin agara guda 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar tsakiya. Tun da ƙashi ne ta gefe uku, ɗamarar kuma ba ta miƙewa, duk abin da ya kumbura a ciki sai ya danne jijiyar, domin ita ce mafi taushi.

A shekarar 1981 likita Richard Gelberman da abokan aikinsa a Amurka sun auna matsin da ke cikin kwararon. A hannun masu lafiya ya kai kimanin milimita 2.5 a ma'aunin zaiba, a hannun masu ciwon kuma kimanin milimita 32, kuma yakan haura 90 idan an lanƙwasa wuyan hannun. Matsin da ya kai milimita 20 zuwa 30 ya isa ya rage gudun jini a ƙananan hanyoyin da ke ciyar da jijiyar. Idan abin ya daɗe, rigar kitse da ke lulluɓe da zaren jijiyar takan lalace, saƙo ya riƙa tafiya a hankali. Idan ya ƙara tsananta, zaren kansu su fara mutuwa.

Dalilai da alamomi

Ciwon ya fi kama mata, musamman daga shekara 40 zuwa sama. Abubuwan da ke ƙara haɗarinsa sun haɗa da juna biyu, ciwon suga, ƙiba, raunin aikin halittar maƙoshi da ake kira tayirod, amosanin gaɓɓai, tsohuwar karaya a wuyan hannu, daɗewa ana wankin ƙoda, da aikin hannu mai buƙatar ƙarfi da maimaitawa ko riƙe abin da ke girgiza. A wani bincike da Isam Atroshi ya jagoranta a kudancin Suwidin, wanda aka wallafa a 1999, kashi 14.4 cikin 100 na mutanen da aka tambaya sun ce suna jin alamomin, yayin da gwajin likita da na na'ura suka tabbatar da ciwon a kashi 2.7 cikin 100.

Alamar farko ita ce mutuwar yatsu da dare. Mutum yakan farka yana jin kamar ana tsira masa allurai, ko kamar kiyashi na tafiya a yatsunsa, sai ya yarfa hannun kafin ya samu sauƙi. Daga baya abin yakan zo da rana, wajen riƙe waya, tuƙa babur ko jan carbi. Idan ciwon ya yi nisa, abubuwa su riƙa suɓucewa daga hannu, sa maɓalli da zura zare a allura su gagara, tudun tsokar da ke gindin babban yatsa kuma ya lotsa. Ƙaramin yatsa ba ya cikin yankin wannan jijiya, domin jijiyar ulna ce ke kula da shi, kuma likitoci suna amfani da wannan bambanci wajen gane ciwon.

Ciwon a Baure da ƙasar Daura

Baure ƙaramar hukuma ce a masarautar Daura, jihar Katsina. Tana kudu maso gabas da birnin Daura, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar da jihar Jigawa. Mafi yawan jama'arta manoma ne da makiyaya, kuma rayuwarsu ta yau da kullum ta dogara ne a kan hannu. Sussuka, surfe da dakan gero, kirɓa fura, tatsar nono, matsar tunkuza wajen yin ƙuli-ƙuli, jan guga, saƙar faifai da tabarma, da ɗinkin hula duk ayyuka ne na damƙa da lanƙwasa wuyan hannu sau da yawa a rana. Haka ma noma da fartanya, ƙira, sassaƙa, dukanci, aikin injin niƙa da acaɓa, inda girgiza ke ƙaruwa a kan damƙar. Irin waɗannan ayyuka ne likitocin sana'o'i suka danganta da ciwon a ƙasashe da dama.

A ƙasar Hausa akan danganta mutuwar hannu da sanyi ko gajiya, wasu kuma su fara da shafe-shafe, ƙaho ko tsaga a wurin wanzami. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa ga ɗamarar da ta danne jijiyar, kuma lokacin da ake ɓatawa a kansu yana iya ba wa jijiyar damar ƙara lalacewa. Mai shayarwa ko mai juna biyu kuwa sau da yawa ba ta buƙatar tiyata, domin ciwon da ciki ya kawo yakan lafa bayan haihuwa.

Matakin farko ga mazaunin yankin shi ne ganin likita a Babban Asibitin Baure ko asibitin da ke Daura, inda za a duba hannun, a kuma auna suga. Masu buƙatar ƙwararru akan tura su manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano wanda aka kafa a 1959, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Gwajin da ke tabbatar da ciwon shi ne auna saurin tafiyar saƙo a jijiya ta hanyar ɗan lantarki mara cutarwa. A 2016 wasu masana daga Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin likitan jijiya Lukman Owolabi, sun wallafa ma'aunin wannan gwaji a jijiyar tsakiya ta 'yan Najeriya masu lafiya, domin a samu abin da za a riƙa gwada sakamakon marasa lafiya da shi.

Tarihi

Likitan Ingila James Paget ne ya bayyana matsewar wannan jijiya a 1854, a hannun da ya taɓa karyewa. A 1913 likitocin Faransa Pierre Marie da Charles Foix suka ga yadda jijiyar ta tsuke a ƙarƙashin ɗamarar a jikin wata gawa, suka ba da shawarar cewa yanke ɗamarar da wuri zai iya hana tsokar hannu lalacewa. James Learmonth ya ba da rahoton yin aikin a 1933, sannan a 1947 Russell Brain da abokan aikinsa a Landan suka bayyana marasa lafiya 6 da aka yi musu shi. George Phalen na asibitin Cleveland a Amurka shi ne ya yaɗa sanin ciwon daga shekarun 1950, kuma a 1966 ya wallafa bayanin hannuwa 654 da ya duba. Gwajin lanƙwasa wuyan hannu na minti ɗaya domin a ga ko yatsu za su mutu yana ɗauke da sunansa har yau. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara yin aikin da siririyar kyamara a Japan da Amurka.

Yadda ake yin tiyatar

Idan ciwon bai yi tsanani ba, akan fara da ɗaura takalmin hannu da dare domin wuyan hannun ya tsaya a miƙe, ko a yi allurar rage kumburi a cikin kwararon, a kuma magance ciwon suga ko na tayirod idan akwai. Ana zuwa ga tiyata ne idan waɗannan ba su yi ba, ko yatsu suka daina ji dare da rana, ko tsoka ta fara lotsawa. Wani gwaji da aka yi a Holan, wanda aka wallafa a 2002, ya kwatanta hanyoyin biyu. Bayan wata 3, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun samu sauƙi, sai kashi 54 na masu takalmin hannu. Bayan wata 18 adadin ya zama kashi 90 da kashi 75, ga shi kuma da yawa daga cikin masu takalmin an riga an yi musu tiyatar kafin lokacin.

Galibi ba a sa mutum barci. Akan yi allurar kashe zafi a wurin kawai, a tsaga fatar gindin tafin hannu santimita kaɗan, a raba ɗamarar gida biyu, sannan a ɗinke fatar. Aikin ba ya cika wuce rabin awa, kuma mara lafiya yakan koma gida a ranar. Akan cire zaren ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. A ma'aunin Gelberman, matsin cikin kwararon ya sauka zuwa kimanin milimita 5 nan take bayan an yanke ɗamarar. Daga baya ɗamarar takan warke da tabo a yanayin da ya fi faɗi.

Matsalolin da kan biyo baya sun haɗa da ciwon gindin tafin hannu na makonni ko watanni, raunin damƙa na ɗan lokaci, da shigar ƙwayoyin cuta a miki. Raunata jijiyar kanta abu ne da ba kasafai yake faruwa ba.

Taswirar hannu a cikin ƙwaƙwalwa

Duk abin da yatsa ya taɓa, saƙonsa yana bin jijiya ya hau damtse, ya shiga laka ta ƙashin wuya, ya tsallaka zuwa ɗaya ɓarin a gindin ƙwaƙwalwa, ya ya da zango a wata cibiya da ake kira talamus, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa. Saboda wannan tsallakawa, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke jin hannun dama, na dama kuma ke jin hannun hagu.

A 1937 Wilder Penfield da Edwin Boldrey, a birnin Montreal na Kanada, suka wallafa abin da suka gano yayin yi wa masu farfaɗiya aiki ido biyu. Idan aka taɓa wani gurbi a ɓawon ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki, mutum yakan ji abu a wata gaɓa takamaimai. Ta haka aka zana taswirar jiki a ƙwaƙwalwa. A wannan taswira, hannu da leɓɓa sun ci fili mai yawa fiye da baya ko cinya, kuma kowane yatsa yana da nasa gurbin, a jere kamar gonaki masu maƙwabtaka.

An daɗe ana ɗauka cewa iyakokin waɗannan gurabe ba sa motsawa bayan ƙuruciya. A 1983 Michael Merzenich, Jon Kaas da abokan aikinsu suka nuna akasin haka. Sun yanke jijiyar tsakiya a hannun manyan birai, sai suka tarar cikin makonni gurbin da ya daina samun saƙo ya fara amsa taɓawar sassan hannu na kusa, waɗanda wasu jijiyoyi ke kula da su. Abin ya yi kama da gonar da mai ita ya bari, maƙwabta suka riƙa cin iyakarta. A 1988 kuma aka ɗinke yatsun biri biyu wuri guda, sai iyakar da ke tsakanin gurabensu ta ɓace, domin saƙonsu ya koma zuwa a lokaci ɗaya.

An ga irin wannan a jikin mutane. A 1993 wasu masana a Jami'ar New York sun duba manya biyu da aka haifa da yatsu a manne. Kafin a raba yatsun, gurabensu a cakuɗe suke. Makonni bayan tiyata, guraben suka ware da milimitoci da dama. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa masu kaɗa goge irin na Turawa suna da gurbin yatsun hagu mafi faɗi, musamman waɗanda suka fara tun suna yara. Ke nan taswirar tana bin yadda ake amfani da hannu da kuma irin saƙon da ke zuwa daga gare shi.

Abin da matsewar ke yi wa ƙwaƙwalwa

Jijiyar da aka danne tana aika saƙo iri biyu marasa kyau. Na farko, saƙon taɓawa na gaskiya yakan iso a makare kuma da rauni. Na biyu, jijiyar takan riƙa ƙirƙiro saƙon ƙarya da kanta, wanda shi ne tsira-tsirar da ake ji, kuma yana zuwa daga yatsu uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ta shafe watanni ko shekaru tana karɓar wannan takan daidaita kanta da shi.

A 1998 Michele Tinazzi da abokan aikinsa a birnin Verona na Italiya suka gano cewa a hannun masu ciwon, saƙon jijiyar ulna mai lafiya yana samun amsa mafi ƙarfi a laka, a gindin ƙwaƙwalwa da kuma a ɓawonta. Wannan ya nuna cewa sauyin yana faruwa a kowane zango na hanyar. A 2002 Franca Tecchio da tawagarta a Roma, ta amfani da na'urar MEG mai auna maganaɗisun aikin ƙwaƙwalwa, suka nuna cewa ciwon yana sauya jerin guraben yatsu.

Bincike mafi faɗi a wannan fanni shi ne na Vitaly Napadow da Yumi Maeda a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston. Da na'urar MRI mai nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, sun gano cewa gurbin manuniya da na yatsan tsakiya sun matso kusa da juna a masu ciwon. A rahotonsu na 2014, waɗanda gurabensu suka fi cakuɗewa su ne suka fi tsananin alamomi, suka fi kasa aikin da ke buƙatar ƙwarewar yatsu, suka kuma fi yin kuskure wajen faɗin yatsan da aka taɓa musu. Saboda haka suɓucewar allura daga hannun mai ɗinkin hula tana da tushe biyu: jijiyar da ke wuyan hannu, da kuma taswirar da ta dusashe a ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma ɓangaren raɗaɗi. Marasa lafiya da yawa suna jin ciwon ya mamaye dukan hannu har da ƙaramin yatsa, ko ya hau zuwa kafaɗa, wuraren da ba na jijiyar tsakiya ba. A 2009 César Fernández-de-las-Peñas da abokan aikinsa a Sifen suka nuna cewa matan da ciwon ya kama musu hannu ɗaya suna saurin jin zafin dannawa a ɓarin jiki biyu, har a ƙafa. Masana suna fassara wannan da cewa laka da ƙwaƙwalwa sun ƙara kaifin jin ciwo, kamar rediyon da aka ƙure wa murya. Ƙari a kan haka, yawan farkawa da dare yana rage barci, rashin barci kuma yana ƙara jin ciwo, yana dagula natsuwa.

Abin da ke faruwa bayan tiyata

Warkewa tana zuwa ne mataki-mataki, kuma kowane mataki yana da nasa dalili.

Mataki na farko na jini ne. Da zarar matsi ya sauka, jini yakan koma gudana a jijiyar, saƙon ƙarya ya ragu. Shi ya sa farkawar dare da tsira-tsira su ne alamomin da suka fi saurin gushewa, wani lokaci tun daren farko.

Mataki na biyu na gyaran jijiyar ne. Rigar kitsen takan sake ginuwa cikin makonni zuwa watanni. Inda zaren jijiya suka mutu kuwa, sai sun sake tsirowa daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, kuma tsironsu ba ya wuce kimanin milimita 1 a rana. Binciken Annina Schmid da abokan aikinta a Jami'ar Oxford, wanda aka wallafa a 2020, ya duba fatar yatsan marasa lafiya kafin aiki da kuma wata 6 bayansa. An tarar ƙananan zaren jijiya sun ƙaru, amma ba su kai na masu lafiya ba.

Mataki na uku na ƙwaƙwalwa ne. Sai saƙo mai tsabta ya riƙa zuwa daga kowane yatsa daban-daban kafin guraben su sake warewa. A nan matsewa ta fi yankewa sauƙi. Gwajin da John Wall, Daniel Felleman da Jon Kaas suka wallafa a 1983 ya nuna cewa idan murƙushe jijiyar biri aka yi, taswirar takan koma yadda take bayan warkewa, domin kowane zare yana bin tsohuwar hanyarsa. Idan kuwa yanke ta aka yi aka ɗinke, zaren sukan ɓace hanya, taswirar ta fito a hargitse. A ciwon wuyan hannu jijiyar ba ta tsinke ba, don haka hanyoyin suna nan.

A 2022 Natalie Osborne, Dimitri Anastakis da Karen Davis a birnin Toronto na Kanada suka wallafa binciken da ya bi marasa lafiya kafin tiyata da bayanta. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 25 masu ciwon da wasu 25 masu lafiya, suka sake ɗaukar na 16 daga cikin marasa lafiyar bayan aikin. Abin da suka auna shi ne yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki tare yayin da mutum ke hutawa. Bayan tiyata, haɗin aiki tsakanin talamus da ɓawon ƙwaƙwalwa ya lafa, haɗin wasu sassan ɓawon kuma ya koma kusa da na masu lafiya. Adadin mutanen ba shi da yawa, kamar yadda yake a mafi yawan binciken hoton ƙwaƙwalwa, amma sakamakon ya dace da abin da aka gani a gwaje-gwajen baya: gyara tushen saƙo a hannu yana sauya aikin cibiyoyin da ke karɓarsa.

Wata hujjar ta zo daga wani magani daban. A 2017 tawagar Boston ta gwada allurar Sin mai haɗe da lantarki a kan marasa lafiya 80 masu matsakaicin ciwo. Waɗanda guraben yatsunsu suka fi warewa bayan maganin su ne suka fi dawwama cikin sauƙi bayan wata 3. Wannan allura ba ɗaya take da tsaga ko sakiya ba, kuma ba ta maye gurbin tiyata ga wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Tasirin jinkiri da shekaru

Ba kowa ne ke warkewa sarai ba. Wanda yatsunsa suka daɗe ba sa ji, ko tsokar babban yatsansa ta lotsa, yakan rabu da raɗaɗin dare, amma ji da ƙarfi ba lallai su dawo duka ba, domin tsokar da ta daɗe ba jijiya takan rasa ikon farfaɗowa. Ciwon suga da shan taba suna rage saurin warkewar jijiya. Shekaru ma suna da tasiri. A 2001 Göran Lundborg da Birgitta Rosén na Malmo a Suwidin suka nuna cewa bayan ɗinke jijiyar hannu da ta yanke, yara 'yan ƙasa da shekara 10 sun fi kowa dawo da ji, iyawar kuma tana raguwa yayin da aka girma. Sun kwatanta hakan da koyon sabon harshe. Duk da haka, tsofaffi ma suna amfana da tiyatar matsewa, musamman wajen samun barci da raguwar ciwo.

Horar da hannu bayan aiki

Tun da amfani ne ke zana taswirar, likitocin gashi suna ƙarfafa motsa yatsu tun kwanakin farko, tare da ɗaga hannu sama domin rage kumburi. Ga wanda jin yatsunsa ya yi rauni, akwai atisayen sake koyon ji. Mutum zai taɓa abu yana kallo, sannan ya rufe ido ya sake taɓawa yana ƙoƙarin gane shi. Kayan gida sun isa: ƙwayar gero, dawa, wake da gyaɗa a cikin ƙwarya, tsabar kuɗi, maɓalli, makulli, ko ƙyallaye masu bambancin kaushi. Jan carbi da yatsa ɗaya bayan ɗaya shi ma yana ba kowane yatsa nasa saƙon daban. Yin sa na mintoci kaɗan sau da yawa a rana ya fi yin sa dogo sau ɗaya.

Aiki mai nauyi kamar daka, noma da jan guga yana buƙatar hutun makonni, gwargwadon shawarar likita, ƙarfin damƙa kuma yakan ɗauki kimanin wata 3 kafin ya dawo. Saboda haka manomi ko mai aikin gida yana da kyau ya tattauna lokacin aikin da likitansa, ya kuma tanadi mai taimaka masa. Idan ciwon bai kai na gaggawa ba, rani bayan an gama kaka ya fi dacewa da manomi fiye da tsakiyar damina. Yatsan da bai gama dawo da ji ba yana iya ƙonewa a murhu ko ya yanke ba tare da mai shi ya sani ba, don haka ana buƙatar kula.

Cututtuka masu kama da shi

Ba kowace mutuwar hannu ce matsewar wuyan hannu ba. Matsewar jijiya a ƙashin wuya tana kawo ciwon da ke saukowa daga kafaɗa. Lalacewar jijiya ta ciwon suga takan fara ne daga ƙafafu biyu. Kuturta, wadda har yanzu ake samu a arewacin Najeriya, tana kumbura jijiyoyin hannu, musamman ta ulna da ta tsakiya, kuma takan zo da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa. Tana warkewa da haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su tun 1981, kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana Saye, kusa da Zariya. Mutuwar hannu da ta zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, sarƙewar magana ko raunin ƙafa kuwa alama ce ta shanyewar ɓarin jiki, kuma tana buƙatar a garzaya asibiti nan take.

Duba kuma

Ƙwaƙwalwa
Laka
Ciwon suga
Kuturta
Shanyewar ɓarin jiki
Baure
Masarautar Daura